Darasi: Doka Idan Magana Ta Tsallake Iyaka

Ikon alƙali yana ƙarewa a inda ƙasarsa ta ƙare. Alƙalin Katsina ba zai tura ɗan sanda Maraɗi ya kamo masa wanda ake ƙara ba, shi ma alƙalin Maraɗi ba shi da ikon sa a yi gwanjon shagon wani a Jibiya. Amma mutane ba su taɓa tsayawa a bakin iyaka ba. Mutum ya yi aure a Damagaram, ya haihu a Kano, ya ci bashi a Kwatano, ya yi odar kaya daga Dubai, ajali kuma ya riske shi a Makka. Su ma gwamnatoci haka suke cuɗanya. Kogi ɗaya ya ratsa ƙasashe da yawa, tafki ɗaya ƙasashe huɗu suna shan ruwansa, kowace ƙasa tana da jakadu zaune a gidan wata. Idan saɓani ya tashi a irin waɗannan wurare, wace doka za a bi, kuma gaban wa za a kai ƙara?

Amsar wannan tambaya ita ce ake koyarwa a tsangayoyin shari'a da sunan dokar ƙasa da ƙasa, kuma darussa biyu ne daban. Na farko ya shafi abin da ke tsakanin gwamnatoci: iyakoki, yaƙi da sulhu, jakadu, teku, yarjejeniyoyi, haƙƙin ɗan Adam. Na biyu ya shafi ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni waɗanda aurensu ko gadonsu ko cinikinsu ya taɓa ƙasa fiye da ɗaya, kuma lauyoyi suna kiran sa saɓanin dokoki. Na farkon shi ake ji a rediyo kullum. Na biyun ba a cika jin labarinsa ba, alhali shi ne ya fi kusa da aljihun ɗan kasuwa da haƙƙin maraya. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dokar da ke tsakanin gwamnatoci

Duniya ba ta da majalisa guda da ke yi wa dukkan ƙasashe doka. Saboda haka abin da ɗalibi yake fara koya shi ne inda wannan doka take fitowa. Sashe na 38 na kundin Kotun Duniya ya lissafa tushenta. Akwai yarjejeniya, wato abin da ƙasashe suka rubuta suka sa hannu da yardarsu. Akwai al'adar ƙasashe, wato abin da suka daɗe suna yi tare da yarda cewa wajibi ne a kansu, ba ladabi kawai ba. Akwai manyan ƙa'idojin shari'a da kusan kowane tsari ya amince da su, kamar cewa ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Hukunce-hukuncen kotuna da rubuce-rubucen manyan masana kuwa ana neman haske ne da su.

Littattafan Turai sukan fara tarihin fannin daga Hugo Grotius, ɗan ƙasar Holan, wanda ya wallafa littafinsa kan dokar yaƙi da zaman lafiya a 1625. Bai kamata ɗalibinmu ya ɗauka nan aka fara ba. Shekaru ɗari takwas kafin wannan, Imam Muhammad bn Hasan ash-Shaibani, almajirin Abu Hanifa wanda kuma ya yi karatu wurin Imam Malik, ya rubuta littattafan Siyar, inda ya yi bayanin hukuncin manzanni, da amanar da ake bai wa baƙo, da fursunonin yaƙi, da cika alkawarin sulhu. Ya rasu a shekara ta 189 bayan hijira. A ƙasarmu ma, wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno suka yi ta aika wa juna muhawara ce kan ko yaƙi tsakanin daulolinsu ya halatta, kowa yana kawo hujja. Tsarin da ake bi yau dai ya ginu ne kan Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, wanda ya haramta wa ƙasa amfani da ƙarfi a kan wata, sai don kare kai ko da izinin Kwamitin Sulhu.

Kotun Duniya tana zama a birnin Hague na ƙasar Holan. Alƙalanta 15 ne, wa'adin kowanne shekara 9, kuma gwamnatoci kaɗai suke iya shigar da ƙara gabanta. Kada a haɗa ta da Kotun Hukunta Manyan Laifuka, wadda ita ma a Hague take amma ta fara aiki a 2002, kuma mutane take tuhuma da kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi. Wani abu da ya kamata ku riƙe tun yanzu shi ne Kotun Duniya ba ta sauraron ƙara a kan ƙasar da ba ta amince da huruminta ba.

Shari'ar Najeriya da Kamaru

Babu misalin da ya fi wannan shari'a nuna yadda fannin yake aiki. Najeriya ta amince da hurumin kotun tun 1965. Kamaru ba ta miƙa tata amincewar ba sai ranar 3 ga Maris 1994, sannan ranar 29 ga wannan watan ta shigar da ƙara kan tsibirin Bakassi, daga baya ta faɗaɗa ƙarar ta haɗa dukkan iyaka tun daga Tafkin Cadi har teku. Najeriya ta yi ƙorafin cewa an yi mata ba-zata. A 1998 kotun ta ce ƙarar ta shiga daidai, domin takardar amincewa tana fara aiki ne daga ranar da aka miƙa ta.

Hujjar Najeriya kan Bakassi tana da ƙarfi a kunnen kowa. Mafi yawan mazauna wurin masunta ne 'yan Najeriya, kuma ƙasar ta sarakunan Tsohuwar Kalaba ce. A 1884 sarakunan sun yi yarjejeniya da Birtaniya ta ba su kariya, ba su sayar mata da ƙasa ba. To ta yaya Birtaniya za ta miƙa wa Jamus abin da ba nata ba? Ita kuwa Kamaru ta fito da yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 11 ga Maris 1913, wadda ta sa Bakassi a ɓangaren Jamus. Ta kuma kawo sanarwar Marwa ta 1975, wadda Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahijo suka sa wa hannu kan iyakar ruwa. Najeriya ta ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta tabbatar da wannan sanarwa ba, kuma ba a yi wata biyu ba aka kifar da gwamnatin Gowon. Kotun ta ce sa hannun shugaban ƙasa yana ɗaure ƙasarsa, ba aikin maƙwabciya ba ne ta bi diddigin dokokin cikin gidanku.

Ɓangaren Tafkin Cadi ya fi shafar mutanen arewa, ko da yake ba a yi masa surutu kamar Bakassi ba. Lokacin da fari ya sa ruwan tafkin ya yi ta ja da baya a shekarun 1970 da 1980, masunta da manoma daga Najeriya suka bi ruwan, suka kafa garuruwa a busasshiyar ƙasar da ya bari. Darak shi ne mafi girma a cikinsu. Najeriya ta kawo shaidar cewa hukumomin Jihar Borno ne suke karɓar haraji a garuruwan, su naɗa masu unguwanni, su gina makarantu da asibitoci. Kotun ta saurari duk wannan, sannan ta koma kan takardun Birtaniya da Faransa na 1919 da 1931 waɗanda suka shata layin. Ƙa'idar da ta bi ita ce, idan akwai takardar mallaka, gudanar da mulki a wuri na wasu shekaru ba ya rinjayar ta.

An yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002. Bakassi da yankin Darak suka koma Kamaru. Najeriya ta samu wasu wurare a tsakiyar iyakar, kuma kotun ta ƙi layin teku da Kamaru ta nema, wanda da ya ci manyan rijiyoyin man Najeriya. Alƙali Abdul Koroma na Saliyo da Bola Ajibola, wanda Najeriya ta zaɓa ya zauna a shari'ar, sun saɓa wa sauran alƙalan kan Bakassi. A Disamba 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da talatin na bakin tafkin. A 2006 Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, Kofi Annan yana shaida, aka kammala miƙa Bakassi ranar 14 ga Agusta 2008.

Duk mai zuciya zai ji ɗacin wannan hukunci. Takardar da Turawa biyu suka rubuta ba tare da shawarar kowa ba ta rinjayi rayuwar dubban mutanen da aka haifa a wurin. Amma shugabannin Afirka da kansu ne suka zaɓi haka. A taron Alƙahira na 1964, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince a mutunta iyakokin da aka gada ranar samun 'yancin kai, domin sun hango cewa in aka fara warware su ba ranar gamawa. Habasha da Eritiriya sun gwada ɗaya hanyar tsakanin 1998 da 2000 kan garin Badme, dubun dubatar rayuka suka salwanta, ƙarshe dai gaban masu raba gardama aka koma. Nijar da Benin sun bi hanyar kotu kan tsibiran Kogin Kwara: a 2005 aka bai wa Nijar 16 ciki har da Lete, Benin ta samu 9, ba a yi yaƙi ba.

Ɗalibai sukan tambaya: dokar da ba ta da ɗan sanda, doka ce kuwa? Tambayar tana kan hanya. A 1986 Kotun Duniya ta samu Amurka da laifin taimaka wa 'yan tawaye a Nikaragua, Amurka ta ƙi bin hukuncin, da aka kai maganar Kwamitin Sulhu ta hau kujerar na-ƙi. Wannan rauni ne na gaske, kuma masu ƙarfi ne suke cin moriyarsa. Sai dai ku duba abin da ke gudana kullum ba a labarta shi. Jirage suna ratsa sararin ƙasashe, kayan Nijar suna sauka a tashoshin ruwan maƙwabta, fasfo yana aiki, jakadu suna zaune lafiya a ƙasashen da ba a ga maciji da nasu. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta hana kama jakada, ta hana buɗe jakar ofishinsa matuƙar tana ɗauke da alamar da ta nuna ko mece ce. A watan Yuli 1984, da aka sace Alhaji Umaru Dikko a Landan aka sa shi cikin akwati za a fita da shi ta filin jirgin Stansted, jami'an kwastan sun samu damar buɗe akwatin ne saboda ba ya ɗauke da alamu da takardun da yarjejeniyar ta shar'anta.

Saura abu ɗaya a wannan ɓangare. Sa hannu kan yarjejeniya a waje ba ya mayar da ita doka a kotun Najeriya. Sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Kundin Afirka na Haƙƙin Ɗan Adam an yi masa haka a 1983, shi ya sa a shari'ar Abacha da Fawehinmi ta shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta ce ɗan ƙasa yana iya kafa hujja da shi a gaban alƙali. Ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa sun saba da wata hanyar: da zarar an tabbatar da yarjejeniya an buga ta a jaridar gwamnati, tana sama da dokar majalisa.

Saɓanin dokoki

Wannan darasi ya bambanta da na farko tun daga tushe. Ba dokar duniya ba ce guda ɗaya. Kowace ƙasa tana da nata ƙa'idojin da alƙalinta yake bi idan shari'ar da ke gabansa ta taɓa wata ƙasa. A ƙaddara wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ya tura kuɗi ga wata masana'anta a Guangzhou ta ƙasar Sin, aka yi alkawarin yadi mai nauyi kaza, kwantena ta iso aka tarar da mai ƙarancin daraja. Tambayoyi uku ne za su taso, kuma a jere suke zuwa.

Ta farko, wace kotu ce take da hurumi? Kotunan Najeriya sun gaji ƙa'idar Ingila. Idan wanda ake ƙara yana cikin ƙasa aka ba shi sammaci, ko ya amince da kansa ya zo ya kare kansa, magana ta ƙare. Idan yana waje, sai an nemi izinin alƙali kafin a aika masa sammaci, kuma sai an nuna alaƙar maganar da nan, misali a nan aka ƙulla cinikin ko a nan aka karya shi. Sau da yawa kuma takardar cinikin ta riga ta faɗi kotun da za a je, a cikin ƙananan rubutun da ba a cika karantawa ba. A shari'ar Sonnar da Nordwind, an ɗauko shinkafa daga Bankok zuwa Legas, takardar jirgin ta ce duk rigima a Jamus za a yi ta. A 1987 Kotun Ƙoli ta yarda a yi shari'ar a Najeriya, saboda wa'adin shigar da ƙara a Jamus ya riga ya wuce, tura masu ƙarar can daidai yake da hana su haƙƙinsu. Kada kowa ya dogara da wannan. Sai da aka kai har Kotun Ƙoli kafin a samu wannan sauƙi, kuma asalin ƙa'ida ita ce abin da ka sa wa hannu shi za a riƙe ka da shi.

Ta biyu, wace doka kotun za ta yi aiki da ita? Mutane da yawa suna mamaki idan suka ji cewa alƙalin Kano yana iya yanke hukunci da dokar Sin ko ta Nijar. Yana iyawa, kuma adalci ne ya kawo haka, don kada mai ƙara ya zaɓi kotun da dokarta ta fi yi masa daɗi. A ciniki, dokar da ɓangarorin suka zaɓa ita ake bi, in ba su zaɓa ba sai a nemi ƙasar da cinikin ya fi jingina da ita. Gida da gona suna bin dokar inda suke. Yadda aka ɗaura aure yana bin dokar inda aka ɗaura shi. Amma ko mutum ya cancanci yin auren, nan hanyoyi suka rabu. Tsarin Ingila yana duba mazauninsa na dindindin, wato ƙasar da ya ɗauka gida da niyyar ci gaba da zama. Tsarin Faransa ya fi duba ƙasar da yake ɗauke da takardunta. Ku yi tunanin Bahaushen da aka haifa a Tawa, ya shekara arba'in a Sakkwato, bai taɓa sauya takardunsa ba. Ɗaya tsarin zai ce ɗan nan ne, ɗayan ya ce ɗan can ne.

Wani lokaci dokar da aka tura ka gare ta ita ma sai ta maido ka. Kowane ɗalibin fannin ya san shari'ar Forgo. Mutumin ɗan Bavariya ne, an kawo shi Faransa yana yaro, ya rayu a can har ya mutu a 1869 ya bar dukiya ba wasiyya. Bai taɓa samun izinin zama na dindindin a hukumance ba, don haka ƙa'idar Faransa ta ce a bi dokar Bavariya, wadda a ƙarƙashinta dangin mahaifiyarsa za su gaje shi. Sai aka duba aka ga ita dokar Bavariya cewa ta yi a bi dokar inda mamacin yake zaune a zahiri, wato Faransa. Babbar kotun Faransa ta karɓi wannan maidowa, kuma a dokar Faransa ta lokacin waɗannan dangi ba magada ba ne, sai dukiyar ta shiga baitulmalin gwamnati. Har yau masana ba su daina gardama kan wannan hukunci ba.

Dokar wata ƙasa kuma ba a ɗauka cewa alƙali ya san ta. Wanda yake son a yi aiki da ita shi zai kawo masani ya ba da shaida a kanta, in bai kawo ba a ɗauka daidai take da ta gida. Akwai kuma iyaka: kotu tana iya ƙin dokar waje idan ta ci karo da abin da ƙasarta ta ɗauka ginshiƙi. Nan ne mutanenmu mazauna Turai suke shan wahala. A 1866 wata kotun Ingila ta ce ba za ta saurari ƙarar aure da aka ɗaura bisa tsarin da ya halatta mace fiye da ɗaya ba, kuma ba a gyara wannan da dokar majalisa ba sai 1972. Yau kotunansu suna amincewa da irin wannan aure idan an ɗaura shi daidai a ƙasar da ta halatta shi, amma dokar shige da fice ta Birtaniya ta 1988 da ta Faransa ta 1993 sun toshe hanyar kawo mata ta biyu. Sakin da miji ya furta a cikin Ingila kuwa ba ya raba aure a idon kotunansu. Mace tana iya gama idda a addinance, a takarda tana nan matar aure.

A Najeriya ba sai an tsallake iyaka ba kafin dokoki su yi karo, domin shari'ar Musulunci da dokokin gargajiya da dokar da aka gada daga Ingila suna aiki kafaɗa da kafaɗa. A shari'ar Adesubokan da Yunusa, wani Musulmi ya rubuta wasiyya bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ya fifita wasu 'ya'yansa kan wani. A mazhabar Malikiyya wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. A 1971 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar. Daga baya wasu jihohi suka yi nasu dokokin wasiyya da suka kiyaye hukuncin Musulunci ga wanda yake bin sa. Shi ya sa tambayar wace jiha, kuma wace doka mamaci yake bi, ba ƙaramar tambaya ba ce.

Ta uku ita ce wadda aka fi mantawa da ita: in ka ci shari'a, ina za ka karɓi kuɗinka? Ɗan kasuwarmu yana iya samun hukunci a Babbar Kotun Kano, amma dukiyar masana'antar tana Guangzhou, kuma takardar hukuncin ba ta da ƙarfi a can sai kotun Sin ta amince da ita. Najeriya tana da tsohuwar doka ta 1922 da ta sauƙaƙa rajistar hukuncin Ingila da na wasu ƙasashe kamar Ghana da Saliyo, amma ba ta game duniya ba. Wannan ne ya sa manyan 'yan kasuwa suke rubutawa a kwangila cewa in rigima ta taso, masu raba gardama da su da kansu suka zaɓa ne za su yanke hukunci. Yarjejeniyar New York ta 1958 ta wajabta wa ƙasashe fiye da 170, ciki har da Najeriya da Nijar da Sin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, su zartar da irin wannan hukunci. Masu ciniki da Nijar, Cadi, Kamaru ko Benin kuma su sani cewa waɗannan ƙasashe suna cikin ƙungiyar OHADA da aka kafa a 1993, wadda ta haɗa ƙasashe 17 kan dokar kasuwanci guda, da babbar kotu a Abijan. Najeriya ba ta ciki.

Akwai inda darussan biyu suke haɗuwa. A 1975 gwamnatin Najeriya ta yi odar siminti fiye da abin da tashar Legas za ta iya saukewa, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a bakin teku suna jira. Da gwamnatin Janar Murtala ta dakatar da biya, kamfanin Trendtex na Suwizalan ya kai Babban Bankin Najeriya ƙara a Landan kan takardar lamunin da bankin ya bayar. Bankin ya ce shi hukuma ne, ba a gurfanar da gwamnati a kotun wata ƙasa. A 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ƙi wannan hujja: gwamnatin da ta shiga kasuwa ta yi ciniki, rigar kariyarta ba ta rufe wannan cinikin.

Yadda ake karatun

A Najeriya digirin shari'a shekara 5 ne ga wanda ya fara daga ajin farko, sannan shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda hedikwatarta take Bwari kuma tana da rassa har da Bagauda da Yola. Ana koyar da shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello a harabar Kongo, da Jami'ar Bayero, da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da ta Maiduguri da sauransu, a Nijar kuma akwai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Waɗannan darussa biyu galibi a shekarun ƙarshe suke zuwa, kuma na zaɓi ne. Yawancin aikin karanta hukunce-hukunce ne, wasu ɗaruruwan shafuka, da koyon fitar da ƙa'ida daga cikinsu. Akwai shari'ar gwaji, inda ɗalibai suke tsayawa a matsayin lauyoyin ƙasashe, kamar gasar Jessup da ake yi tsakanin jami'o'in duniya. A Hague kuma akwai cibiyar da ta fara koyarwa a 1923, tana ba da darussa a kan kowane ɗaya daga cikin fannonin biyu.

Harshe babban jari ne a nan. Kotun Duniya da Ingilishi da Faransanci take aiki, Larabci kuma yana cikin harsunan Majalisar Ɗinkin Duniya. Matashin da ya tashi tsakanin Katsina da Maraɗi, ya yi allo ya yi boko, yana da abin da takwarorinsa da yawa ba su da shi. Ƙofar kuma a buɗe take: Taslim Elias na Najeriya ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985. Abin da yake damuna shi ne yadda ɗalibai suke kauce wa saɓanin dokoki don ana cewa yana da wuya. Al'ummar da 'ya'yanta suke zaune daga Kumasi har Kasala, masu fatauci da aure da gado a ƙasashe barkatai, ita ta fi kowa buƙatar lauyoyin da suka ƙware a kansa. Idan a gidanku akwai mai karatun shari'a, ku ƙarfafa masa gwiwa ya ɗauki wannan darasi.

Aikin aji

Ku rabu gida uku, ku tattauna wannan misali. Wani mutum haifaffen Damagaram ya shekara talatin yana kasuwanci a Kano, takardunsa na Nijar ne. Yana da mata a Kano da wata a Damagaram, da gida a kowane garin, da kuɗi a wani banki a Dubai. Ya rasu bai bar wasiyya ba, wani abokin cinikinsa a Kwatano kuma yana bin sa bashi.

Rukuni na farko ya faɗi kotunan da za a iya kai maganar gadon, da dalilin kowace. Rukuni na biyu ya rarrabe dukiyar, ya nuna wadda take bin dokar inda take da wadda take bin mamacin, ya kuma kawo hujjojin da za su nuna inda mazauninsa na dindindin yake. Rukuni na uku ya ɗauka mai bin bashin ya samu hukunci a Kwatano, ya bayyana abin da ya rage masa kafin ya taɓa gidan Kano.

Kafin zama na gaba, duk mai ciniki da wata ƙasa ya zo da rasiɗi ko takardar kwangila ko ta ɗaukar kaya, a duba tare ko an ambaci kotu ko dokar da za a bi in saɓani ya taso.